Ranar da Kwamfutata Ta Tara Gayya a Gonar Kawu

Jama'a, wannan labari ba a majalisa na tsinto shi ba, a kaina ya faru, kuma wallahi in na ƙara masa gishiri Allah Ya tambaye ni ranar gobe. Shekarun baya ne, cikin damina, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran waya da kwamfuta a Sabon Gari nan Maraɗi, muna zaune gida ɗaya da mahaifiyata, Inna. Duk wanda ya san ni a unguwa zai shaida muku ni ba mai camfi ba ne, mutum ne ni na turnabis, wato abin kwance noti, da dalma, abin da ban buɗe cikinsa na gani ba ba na yarda da shi. To amma akwai abin da za ka buɗe cikinsa har ƙasa ka rasa abin da za ka ce, shi ne zan ba ku yau.

Bari in fara da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, don in ba ku san shi ba ba za ku gane sauran ba. Baba makaɗin gangar noma ne a Tsibiri, kuma ba don ubana ne ba, a zamaninsa ba a yi kamarsa ba. In mutum ya kira gayya, wato ya tara maza su taya shi noma rana guda, to Baba ake fara nema kafin a nemi mai dama fura. Kowane ƙato yana da takensa, kiɗan da yake nasa shi kaɗai, in Baba ya buga sai ka ga mutum ya yi ihu ya ɗaga hauya sama ya faɗa kunya kamar ba shi da ƙashin baya. Ina saurayi ƙarami ya rasu, bai bar mana gona ba bai bar shanu ba, sai gangar da ta fashe daga baya da wasu kaset-kaset. Kaset ɗin kuwa na wata gayya ce da aka yi a gonar Kawu Mantau, yayan Inna. Wani abokin Baba ɗan kasuwa ne ya zo da sabuwar rediyo mai kaset ya ajiye a gindin aduwa, ya ɗauki kiɗan tun daga safe har aka tashi.

Kaset ɗin suna wurin ƙanwata Rabi da ke aure a Jiratawa, ta naɗe su cikin tsohon zane ta tura ƙasan kwalla, ba ta sauraro kuma ba ta ba kowa. Sai da na yi mata sintiri a kan moto, na yi rantsuwa na sake, kafin ta sakar mini su, tana cewa in ɗaya ta tsinke in nemi wata ƙanwar. Na kawo su gida na samu tsohuwar rediyo na haɗa da waya, na juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina share hawaye, don rabona da muryar Baba har na fara manta yadda yake jan gaisuwa.

Yanzu ga inda nake so ku saurara da kyau, don a nan bajintata take, kuma ba na jin kunyar faɗa. Akwai wata tsohuwar kwamfuta da na saya wurin 'yan gwangwan, irin ta ofis ɗin nan mai kamar akwati, an jefar da ita an ce ta mutu. Na tashe ta. Ba ta da allo, ba ta da abin dannawa, ƙarfinta bai kai na wayar da ke aljihunku ba, saboda haka na share mata duk wani tsari mai hotuna da tagogi, na sa mata wanda rubutu ne zalla, baƙin fili da fararen haruffa. Na ɗora ta a kan kanta cikin ɗakin ajiyarmu, na haɗa ta da akwatin intanet da batir da ɗan fanno na rana a kan rufi, don ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kada ta tsaya. Sannan na sa mata manhajar da ke watsa sauti kamar gidan rediyo, ita dai tana ta kiɗa, duk wanda na ba adireshi da kod, wato lambar sirri, zai kama daga wayarsa ko yana ina. Har na rage nauyin sautin yadda ko rezon ƙauye, wato sabis ɗin wayarsu, zai iya ɗauka. Ni kuma in zan yi mata magana ba na zuwa wurinta, daga wayata nake shiga in rubuta mata umarni, ta amsa mini da layi ɗaya ko biyu.

Kaset tsohuwa kun sani, rabinta huci ne da kukan iska. Sai na rubuta wa kwamfutar ɗan umarni na ce duk inda ta ji shiru ta yanka, duk guntun da ba shi da ƙara ta cire shi, ta bar mini kiɗa tsantsa. Ta yi aikin tsaf, take bayan take, ba ɓata lokaci. Na kuma ce mata in ta kai ƙarshe ta koma farko, kada ta taɓa tsayawa. Asalin abin da na juyo kuwa ban taɓa shi ba, na ajiye shi gefe guda yadda yake, don ni a sana'ata ba na share asali ko da na shara ne.

Ranar da na kai wa Kawu Mantau waya a Tsibiri na kunna masa, wannan rana ba zan manta da ita ba. Tsoho ne a lokacin, tansiyo, wato hawan jini, ya kama shi, ƙafafu sun kumbura, lokotoro, wato likita, ya hana shi shiga rana ko ɗaukar abin da ya fi buta. A cikin duk mazan da Baba ya buga wa take a kaset ɗin nan shi kaɗai ya rage da rai. Yana kishingiɗe a zaure kiɗan ya tashi, ya yi kasaƙe, sai ga taken Nomau Gajere, ya ce Allahu akbar, ga na Barmo, ya ce Allah jiƙan maza, can sai ga nasa, muryar Baba tana kiran Mantau ƙi-inuwa. Wallahi tsohon nan sai da ya miƙe zaune ya ɗaga hannu sama yana rawar jiki. Ya kama kaina ya yi ta sa mini albarka, yana cewa ɗan makaɗi ya maido mana ubansa. 'Yarsa Hajo, taubashiyata, wadda ita ke jinyarsa, tana tsaye bakin ƙofa tana taɓe baki.

Ta ce, "To injiniyan ƙarya, ina abin yake? Nuna mani ordinatar ɗin in gani."

Na ce mata in kwamfutar take nufi, abin yana Maraɗi a ɗakin ajiya, kuma ko ta je ba abin da za ta gani, ba shi da fuska.

Ta ce, "Kai dai ba ka rabuwa da abin tsiya. Kowa na sayen mai hoto, kai ka je ka ɗauko makaho."

Na ce makahon nan ya fi ta aiki, don shi ba ya barcin rana. Ta jefe ni da mafici, muka yi dariya. Na dawo gida ranar ina jin kaina a sama, har mai fetur na bar wa canji.

Kafin wani lokaci labari ya bazu cikin dangi. Rabi tana kamawa a Jiratawa tana daka, ni ina kamawa a rumfa, Inna na sa mata 'yar lasifika a tsakar gida, Kawu kuwa Hajo ta ɗinka masa 'yar jaka ya rataya wayar a wuya, tsofaffin unguwa suna taruwa a zaurensa. Akwai umarnin da in na rubuta kwamfutar take jero mini masu saurare a lokacin, kowa da layinsa, da lambar adireshinsa da sunan da na ba wayarsa. Ni kuwa kamar mai sabon rago, ba na iya awa guda ban leƙa ba. In na ga Kawu, Rabi, Inna, sai in yi murmushi in ci gaba da aiki.

Da aka shiga noman farko sai na fara ganin abin da ban gane ba. Wata rana da hantsi na leƙa, na ga ƙarin layi a ƙasan nasu, amma ba suna, ba lamba, wurin adireshin fili ne fayau. Na ce 'yan unguwa ne suka saci kod, yaran yanzu ba abin da ba su iyawa, na canza kod na sake raba wa dangi. Washegari layukan suka dawo, har sun ƙaru. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mai saurare dole ya ja intanet, in mutane suka yi yawa dole akwatin ya nuna, amma nawa ko gezau, abin da yake ci jiya shi yake ci yau. Na kwana biyu ina tono cikin manhajar nan ina neman kuskure, ban samu ba. Kuma na lura suna hawa ne da hantsi, lokacin da ake shiga gona, su yi ta ƙaruwa har rana ta take, amma ban taɓa kama lokacin da ko ɗaya ya sauka ba.

Inna ma ta fara magana. Ta ce ɗakin ajiya yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da zufar maza, alhali rufin ba ya yoyo, kuma kullum sai ta share rairayi a ƙarƙashin kantar. Na ce iska ce ke turowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wata rana tana tsince wake tana jin kiɗan, sai ta ɗago ta dube ni, ita da ba ta kiran sunana saboda ni ne na fari.

Ta ce, "Kai wanga, abin ga naka ba ya ƙarewa ne? Kullum kira ni ka ji, kira, kira, ban taɓa jin inda babanku yat tashi mutane ba."

Na ce, "Inna ai nan gwanintar take, ba ya gajiya, ba ya tsayawa."

Ta ce uhm, ta ci gaba da tsintar wakenta. Ni kuma na ɗauki makullin moto na tafi rumfa.

A can Tsibiri kuwa Hajo ta daina yi mini tsiya a waya, wannan kaɗai ya isa in san akwai matsala. Ta ce tsohon ya canza, ba ya zama, da hantsi sai ya fara zagaye gida yana tambaya ina hauyarsa, wai ana jiransa. Sun ɓoye hauyar a kan rumbu. In ta karɓe wayar sai ya ƙi cin abinci, in ta mayar masa sai ya yi ta kallon hanyar gona yana gyaɗa kai. Na ce ta lallaɓa shi, kewa ce, zan zo ranar Juma'a in yi masa magana. Ban kai Juma'ar ba.

Ranar da abin ya faru ina rumfa na buɗe wayar wani ina canza mata gilashi, rana ta take tsaka, sai ga kiran Hajo tana kuka. Ta ce ta leƙa gidan suna ta dawo ba ta tarar da shi ba, hauya ba ta kan rumbu, ta bi sawu ta same shi a gona yana noma, ta kama shi ya ture ta, tsohon da ba ya iya ɗaga buta, kuma numfashinsa har wani gurnani yake. Ta ce, "Don Allah kashe abin ga, kashe shi, zai kashe mani uba!" Nan take na shiga daga wayata na rubuta umarnin tsayawa, kwamfutar ta amsa mini ta tsaya. Na ce wa Hajo shi ke nan. Sai ta ce wayar wuyansa ta yi shiru amma shi bai tsaya ba, ƙara sauri ma ya yi. Na rubuta umarnin masu saurare, jama'a, tasha a kashe, ba abin da ke fita, Rabi ta sauka, Inna ta sauka, wayar Kawu ta sauka, amma layukan nan marasa suna suna nan cike da fuskar wayata har sai na ja ƙasa.

Ban rufe rumfa ba, maƙwabcina na ce wa ya duba mini, na hau moto. Yadda na bi hanyar Tsibiri ranar Allah ne kawai Ya tsare, don ban san na wuce motocin da na wuce ba. Abin da ke raina ɗaya ne, lokotoro ya ce zuciyar tsohon nan ba za ta ɗauki rana ba, in ya faɗi a gonar nan da kiɗan ubana da kwamfutata aka kashe shi, da wane ido zan dubi Inna. Na bar kwalta na shiga rairayi, moto ta ƙi, na yar da ita na ƙarasa da gudu.

Na iso gonar, ba iska, ba kukan tsuntsu, hatsi ya kai gwiwa. Hajo tana gindin aduwar nan ta ɗora hannu a ka. Kawu yana can tsakiya a duƙe, riga ta manne masa a baya. Ba zan yi muku ƙarya in ce na ga wani ba, ban ga kowa ba sai shi. Amma kunnena ya ji. Ƙarar hauya nake ji ba ta mutum ɗaya ba, cak, cak, cak, a tare, daga damansa da hagunsa har bakin iyaka. Kuma da na dubi ƙasa, kunyoyin da ke gefensa duk a nome suke, ƙasar baƙa ɗanya yanzu aka juya ta, ciyawa ko yaushi ba ta yi ba, kuma noman ya tsaya daidai inda Kawu yake, a jere, ba wanda ya wuce wani. Bayansu fiye da rabin gona ya tafi. Na ce innalillahi, sannan na tuna abin da ya kawo ni na kutsa.

Na sha gabansa na riƙe ƙotar hauyar na ce, "Kawu, don girman Allah ka tsaya, an kashe kiɗan." Idonsa ja wur, leɓɓansa sun bushe sun yi fari, bai ma dube ni sosai ba.

Ya ce, "Sakam mani hauya, yaro. Su ba su tsaya ba, ni in tsaya? Ni Mantau?"

Na ce su wa, Kawu?

Ya ce, "Ba a sallame mu ba. Wa ka barin gona makaɗi bai sallama ba? Ubanka yak kira mu, shi ka tashin mu." Ya fizge hauyar ya ci gaba, yana tangaɗi.

A nan ne abin ya faɗo mini, maganar Inna ta dawo mini ita ma. Ni ɗan makaɗi ne, na sani, na gani da idona ina ƙarami. In gayya ta ƙare Baba ba ya daina kiɗa haka kawai. Yakan soke makaɗin, wato sandar kiɗan, a ɗamara, ya rungumi gangar, ya bi ta da yatsu a hankali ƙasa-ƙasa, yana kiran mutane ɗaya-ɗaya da sunansu kawai ba tare da kirari ba, yana cewa wane an gode, a sauka lafiya. Wanda bai ji sunansa ba ba ya ajiye hauya, abin kunya ne har ga 'ya'yansa. Kiɗan nan ba shi da ƙara, na kusa kaɗai ke ji, rediyon kuma tana can gindin aduwa. Kwamfutata ta ji shi ta ɗauka shiru ne ta cire. Tun farkon damina ke nan muna kiran mazan nan safe da rana, take bayan take, ba mu taɓa ce musu su tafi gida ba.

Na zaro waya, rezo sanda ɗaya, tana zuwa tana ɓacewa. Akwai wani suri a gefen gonar, na haye kansa na ɗaga hannu, na ce bismillahi na shiga. To ku ji inda makahon Hajo ya yi rana. Da irin mai hotunan nan ce, wallahi har Kawu ya faɗi shafin farko bai buɗe ba, na san abin da nake faɗa, sana'ata ce. Amma tawa rubutu ne kawai, ba ta neman komai wurin rezo sai ɗan abin da zai ɗauki harafi. Ina danna harafi, in jira, ya fito, in danna na gaba, zufa tana ɗiga a kan gilashin ina gogewa da riga, har na yi kuskure na goge na sake. Na shiga inda na ajiye asali, na nemo kaset ta ƙarshe, gefe na biyu, na ce mata ta tsallaka kusa da ƙarshe, ta ɗaga sautin iyakar ƙarfinta, ta watsa. Na ƙwala wa Hajo kira na ce ta ruga ta sake kunna wayar da ke wuyansa. Yarinyar nan ta yi jarumta, ta bi shi yana noma tana dannawa.

Da farko huci ne kawai, shuuu, har na ce na yi kuskuren kaset. Sai ga shi can ƙasa, dum, dum-dum, yatsun Baba a kan fata. Sai muryarsa, a gajiye, a dishe: "Nomau, an gode, a sauka lahiya." Jama'a, ina kan surin nan ina kallon wayata, layi ɗaya ya ɓace. "Barmo, an gode, a gai da gida." Wani ya ɓace. Haka ya yi ta kira, ni ina kallon layuka suna raguwa, kunnena kuma yana jin ƙarar hauyoyin tana raguwa, daga bakin iyaka tana matsowa tsakiya, har ya zamana saura cak, cak guda ɗaya mai rauni. Sai Baba ya ce, "Mantau mai gona, gayya ta tashi, Allah Ya ba da albarka." Kawu ya tsaya. Ya miƙe a hankali, ya kafa hauyar a ƙasa, ya juya dama ya ɗaga hannu, ya juya hagu ya ɗaga hannu, ya ce madalla, madalla, sannan gwiwoyinsa suka saki. Na diro daga kan surin muka tare shi ni da Hajo muka kai shi inuwa.

Muna yayyafa masa ruwa na sake duba wayar, saura layi ɗaya marar suna, bai sauka ba. Kaset ɗin tana ci gaba, ana jin mutane suna watsewa, dariya tana nisa, sai dogon huci. Na ce a fili, saura ɗaya. Kawu ido a rufe ya ce, "Bar shi. Shi ka tashi daga baya, sai ya ga bayan kowa." Can sai muka ji an saɓa ganga a kafaɗa, Baba ya yi 'yar tarin nan tasa, ya ce alhamdu lillahi, sai ƙarar maɓallin rediyo, ƙas. A daidai ƙas ɗin nan layin ya ɓace. Ni da Hajo muka dubi juna, sai iska ta taso hatsi ya fara motsi.

Amalanke muka samu muka fito da Kawu, muka wuce da shi wurin likita a Maraɗi, ya yi kwanaki ana ƙara masa ruwa, lokotoro yana ta faɗa wai wane marar hankali ya bar tsoho ya yi noma. Ya warke ya koma gida, kuma bai sake tambayar hauya ba. Mutanen da suka je suka ga gonar kowa da abin da ya ce, wasu suka ce ai maƙwabta ne suka taimaka da sassafe, amma ba maƙwabcin da ya ce shi ne. Na je wurin malaminmu na ba shi labari, ya ce wanda ya mutu ba ya dawowa, wannan ba shakka a cikinsa, sai dai akwai halittun Allah da ke zaune a gonaki tun kafin mu, suna jin abin da muke ji, in riƙa addu'a in bar bincike. Na karɓi maganarsa, ban musa ba, kuma har yau ban ce ga abin da na ji a gonar nan ba. Hajo dai tun daga ranar ba ta sake ce wa kwamfutata makaho ba, sai dai ta ce ina Malam, yana lafiya?

Inna ta so in kashe ta gaba ɗaya, Kawu ne ya hana, ya ce kiɗa bai yi laifi ba, a dai yi shi yadda mai shi yake yi. Saboda haka na sake tsara ta. Yanzu tana farawa da hantsi, ta bi taken kowa sau ɗaya, kafin la'asar ta sa sallama cikakkiya har zuwa ƙas ɗin nan, sannan ta yi shiru sai gobe. Rairayin ɗakin ajiya ya ƙare, warin ma haka. Tana nan a kan kantarta har yau, ta ga wayoyi masu tsada sun zo sun mutu a rumfata, ita ko tari ba ta yi, kuma duk wanda ya zo gidanmu sai na kai shi ya gan ta.

Shawarata gare ku, musamman ku matasa masu juye tsofaffin kaset na iyaye cikin waya da kwamfuta, abu ne mai kyau, ku yi, amma ku saurari abu har ƙarshensa kafin ku yanke, ko da kun ji kamar huci ne. Kada ku share asali. Ku tambayi tsofaffin gidanku yadda ake buɗe abu da yadda ake rufe shi tun suna nan, kuma kada ku bar kiɗan da ke kiran sunayen mutane yana ta juyawa ba mai tashinsu.

Cinkoson layukan nan ban sake ganinsa ba. Amma ba zan ɓoye muku ba, guda ɗaya marar suna yana hawa kullum in an fara, ya sauka bayan kowa, na bar shi, ban ma sake canza kod ba. Kawu ya ƙara ganin damina bayan wannan, sannan Allah Ya karɓi abinsa a kan shimfiɗarsa cikin salama. Bayan an yi addu'ar bakwai na dawo rumfa, na leƙa da hantsi kamar yadda na saba, sai na ga marasa sunan sun zama biyu. Na zauna na jira har la'asar ban taɓa aikin kowa ba. Da Baba ya ce Mantau mai gona, gayya ta tashi, ɗaya ya sauka. Ɗayan ya jira sai da aka ce ƙas.